Wasan Da Ya Ƙare A Taku Na 6

A shekarar 1988, a garin Biel na ƙasar Suwizalan, wani saurayi ɗan Indiya mai shekara 18 ya zauna gaban allon ces, darar nan mai gida 64, zai kara da Alonso Zapata, mutumin Kolombiya. Sunan saurayin Viswanathan Anand. Ba ɗan koyo ba ne, domin shekara guda kafin nan shi ya lashe gasar matasa ta duniya. Zapata ke riƙe da farare. Kafin 'yan kallo su gama gyara zama, Anand ya miƙa hannu ya sallama. Taku 6 aka yi.

Ga yadda abin ya faru. Zapata ya tura dakaren gaban sarki zuwa e4, Anand ya tare shi da e5, kowa ya fito da doki, wato kariyar da ake kira Petrov. Aka ci dakare nan, aka rama can, dokin Anand ya tsaya a e4. Da Zapata ya kawo ɗaya dokinsa c3 ya ƙalubalance shi, sai Anand ya fito da giwa, ɗiyar wasan nan mai tafiya a karkace, ya ajiye ta a f5 don ta tsare wa dokin baya. Zapata ya ɗaga sarauniya ya sa ta a e2, magana ta ƙare. Dokin Anand ba shi da ikon motsi, saboda sarkinsa na bayansa a layi ɗaya. An turke shi kamar akuyar da aka ɗaure a bakin zaure. In ya kawo tasa sarauniyar e7 don ta kwance shi, dokin Zapata zai yi tsalle zuwa d5 ya kore ta, daga nan dakare ya tako d3 ya cinye turkakken a ruwan sanyi.

Abin da ya fi dacewa matashi ya riƙe shi ne inda Anand ya samo wannan takun giwa. A littafi ya gan shi. Mujallar Informator, wadda ake bugawa a Belgrade, ta kawo wani wasa da manyan gwanaye biyu, Tony Miles da Larry Christiansen, suka yi a San Francisco a 1987, inda Christiansen ya taka f5 ɗin nan kuma aka tashi kunnen doki. Abin da mujallar ba ta faɗa ba, mutanen biyu sun riga sun shirya canjaras tun kafin su zauna, don haka Miles bai nemi cin moriyar kuskuren ba. Anand ya ga manya sun taka, ya ga an buga a takarda, ya kwafa bai tambayi dalili ba. Wannan yaro daga baya ya zama zakaran duniya, ya riƙe kambun daga 2007 zuwa 2013. In har kwafi babu tambaya zai kayar da irinsa a taku 6, ina ga ɗan kulob ɗin unguwa?

Duk mai leƙa wuraren da matasa ke buga ces, a ɗakunan kwanan jami'a ne ko a gindin bishiya bayan la'asar, ya san wani irin ɗan wasa. Waya na hannunsa dare da rana yana kallon bidiyo a YouTube. Ya san buɗin Sicilian, ya san reshenta na Najdorf, ya san Caro-Kann, yana iya jero taku 15 da ka ba tare da numfashi ba. Amma ranar da abokin karawarsa ya kauce daga layin a taku na 4, ko da kaucewar ta rashin sani ce, sai ya yi zuru yana kallon allo, don ba a faɗa masa abin da zai yi a nan ba. Karatun aku ke nan. Hadda ba laifi ba ce, mutanenmu sun fi kowa sanin darajarta, amma almajirin da ya haddace yakan koma gaban malami ya ji fassara. A ces, fassarar ita ce sanin abin da kowane taku ke nema da abin da yake hanawa.

Tsara buɗin wasa tsohon al'amari ne. Daga Indiya wasan ya shiga Farisa, daga can ya shiga hannun Musulmi da sunan shaɗaranji, sunan da ba baƙo ba ne ga wanda ya karanta littattafan fiƙihu, inda malamai suka tattauna hukuncinsa. A Bagadaza ta zamanin Abbasiyawa, gwanaye irin su al-Adli da as-Suli, wanda ya rasu wajen 946, sun rubuta tsare-tsaren da suke kira ta'abiya, wato jera runduna. Wasan nasu mai nawa ne: inda sarauniya take a yau waziri ne, mai taka gida ɗaya kacal a karkace, giwa kuma tsallen gida biyu take yi. Saboda haka kowa yakan ɗauki lokaci yana gina sifarsa kafin a haɗu, kusan yadda gwanin dararmu ta gida 30 yake zuba 'ya'yansa 12 da lissafi, ya san tun daga zubi ake cin wasa. Wannan tsohon wasa ya iso har Borno, inda ake ce masa tsatsarandi, da mai a gurbin sarki, ciroma a gefensa, kaigama a kusurwa, kamar yadda Baturen nan C. K. Meek ya rubuta a 1934.

A ƙarshen ƙarni na 15, a Sifaniya, aka sauya doka: wazirin mai jan ƙafa ya zama sarauniya mai ratsa allo daga bango zuwa bango, giwa ta samu doguwar hanya. Daga ranar buɗin wasa ya zama wuri mai haɗari. Lucena ya buga littafinsa a 1497, limamin coci Ruy López ya buga nasa a 1561, Gioachino Greco ɗan Italiya ya rubuta gajerun wasanninsa a wajajen 1620, kuma kusan dukkansu abu ɗaya suke nunawa: yadda ake halaka wanda ya yi sakaci a takun farko-farko.

Idan aka duba yadda ake jera 'ya'yan wasa, akwai gida ɗaya a kowane ɓangare da ba mai tsaron dakarensa sai sarki shi kaɗai: f7 ga baƙaƙe, f2 ga farare. Nan ne ƙofar baya. Kowane sabon shiga ya taɓa shan kisan nan na taku 4, inda giwa ke zuwa c4, sarauniya ta je h5, ta faɗa f7. Matsalar ita ce wanda ya sha shi yau, gobe shi yake son ya shayar da wani, har ya mayar da shi sana'a. Amma da zarar abokin karawa ya kare e5 da doki a c6, ya tura dakare g6, ya tare hanya da ɗaya dokin a f6, sarauniyar da ta fito da wuri ta zama abin kora. Kowane kora ana fito da sabon ɗa, ita kuwa tana ta yawo ita kaɗai. Mai rayuwa da tarko yakan ci ƙananan yara wata uku, sannan ya tsaya cak, don bai koyi abin yi ba in tarkon bai kama ba.

Ba wai a guji sanin tarkuna ba. A san su don abin da suke koyarwa. Légal, malamin gwani Philidor a shagon shayin Régence na Paris a ƙarni na 18, ya bar wani tarko da har yau ake kira da sunansa. Baƙaƙe sun kawo giwa g4 sun turke dokin f3 a gaban sarauniya, suna ganin ba zai motsa ba. Sai dokin ya motsa, ya ci e5, ya bar sarauniyar a fili. Mai kwaɗayi ya cafke ta, giwa ta faɗa f7 da cek, wato hari kan sarki, sarki ya fito e7, ɗaya dokin ya sauka d5, babu mafita. Da ya haƙura da sarauniyar ya ci dokin, dakare ɗaya kawai zai rasa. Darasin da ke ciki ya fi tarkon daraja: turken da ke gaban sarki doka ce ta hana shi motsi, wanda ke gaban sarauniya kuwa lissafi ne kawai, kuma lissafi na iya sauyawa.

In da za a ce matashi ya haddace wasa ɗaya tak daga farko har ƙarshe, wanda Paul Morphy ya yi a 1858 ne. Morphy ɗan New Orleans ta Amurka ne, shekararsa 21, yana Paris, aka gayyace shi gidan ofera. A can Karl, tuɓaɓɓen sarkin Brunswick, da wani basarake mai suna Isouard suka haɗa kai su biyu a kan baƙaƙe. Tun a taku na 4 suka ba da giwarsu a madadin doki, ita ce kuwa kaɗai ɗiyar da suka fitar. Morphy ya sa giwa a c4, ya kai sarauniya b3, tana kallon f7 da b7 a lokaci guda. Suka kare f7 da sarauniya a e7, ta toshe wa giwarsu ta f8 hanya. A taku na 8 ga dakaren b7 nan a banza, da yawan 'yan kulob hannunsu zai kai kansa kafin su yi tunani. Morphy bai taɓa shi ba, don cinsa zai ba su damar musayar sarauniyoyi, wuta ta mutu. Ya fito da doki c3. Taku na gaba ya fito da giwa g5 ta turke dokin f6.

Da suka tura dakare b5 don su kori giwarsa, sai ya ba da doki ya karɓi dakaru biyu, hanya ta buɗe zuwa ga sarki. Suka tare cek da doki a d7, shi ma ya turku. Morphy ya shigar da sarkinsa ganuwa ta ɓangaren sarauniya, wanda ya sa hasumiya, ɗiyar nan mai tafiya a miƙe, ta sauka d1 daidai kan turkakken. Ya ba da ita a d7, ya kawo ta biyu ta maye gurbinta, ita ce ɗiyarsa ta ƙarshe da ba ta shiga yaƙi ba. A taku na 16 ya miƙa sarauniya a b8, doki ya ci don ba yadda zai yi, hasumiya ta sauka d8 a taku na 17, giwar g5 na tsare da ita. A duba allon a wannan lokaci. Morphy ba shi da komai sai hasumiya ɗaya da giwa ɗaya da dakaru. Su kuwa suna da sarauniya, da doki, da giwa, da hasumiya, amma giwar f8 da hasumiyar h8 ko taku ɗaya ba su yi ba tun da aka zauna. Duk abin da malaman ces ke nanatawa game da buɗi yana cikin wannan wasa: a kama tsakiya, kowane doki da giwa ya fito sau ɗaya zuwa inda zai yi aiki, sarki ya ɓuya da wuri, kada a tafi kiwon dakare alhali rabin runduna na barci a gida.

Wasannin kulob ba a buɗi ake cin yawancinsu ba. Wani ne ke barin doki ba mai tsaro, wani ya manta layin bayansa a buɗe yake. Dabarun da ke hukunta irin wannan 'yan kaɗan ne, kuma suna dawowa kullum da sabuwar riga. Akwai gwafa, inda ɗa ɗaya ke kai hari wuri biyu, doki ne sarkinta, musamman in ya sauka c7 yana kallon sarki da hasumiya. Akwai turken da aka gani a hannun Zapata da Morphy. Akwai tsire, inda ake soke babba a gaba, ya kauce dole, a ci na bayansa. Akwai kuma wanda ɗa ke gusawa ya yaye labule ga harin wani da ke laɓe a bayansa, shi ne mafi zafi don taku ɗaya yana haifar da barazana biyu. Wanda ya san kimar 'ya'yansa, dakare 1, doki da giwa 3, hasumiya 5, sarauniya 9, ya kuma saba ganin waɗannan siffofi, zai ci mai haddar Najdorf da bai saba ba sau da yawa fiye da yadda shi zai ci shi.

Ido ake horarwa, kuma da maimaici yake horuwa. László Polgár na Hangari, wanda 'yarsa Judit ta zama babbar gwana a 1991 tana da shekara 15, ya tattara matsaloli da wasanni 5334 a littafi guda, dubbai daga ciki kisa ne a taku ɗaya ko biyu ko uku. Yau dandalin Lichess na ba da irinsu kyauta ga duk mai waya. Sai dai yadda ake yi ya fi yawan da aka yi muhimmanci. Matashin da ke danna takun farko da ya faɗo masa a rai, in ya kuskure ya danna wani, caca yake yi. Ya zauna da matsala ɗaya hannunsa a cinya, har sai ya ga ƙarshenta a zuci tare da amsar da abokin gaba zai iya bayarwa. Guda 10 a haka kowace rana sun fi 100 na gaggawa.

Sannan akwai tambaya guda da ya kamata ta zama masa jiki kafin ya taɓa kowane ɗa: me wancan yake nufi da takun da ya yi yanzu? Yawancin matasa shirinsu kawai suke gani, kamar su kaɗai ke wasan. A 2006, a birnin Bonn na Jamus, Vladimir Kramnik, yana zakaran duniya, yana karawa da kwamfutar Deep Fritz, ya zurfafa cikin lissafin nasa harin, ya kai sarauniya e3 hankalinsa kwance. Kwamfutar ta sa tata sarauniyar a h7, doki na tsare da ita daga f8. Kisa ne na taku ɗaya, irin wanda ke shafin farko na littafin Polgár.

Buɗi guda ya ba da labari biyu da suka cancanci a ajiye su kusa da juna. A New York a 1918, Frank Marshall ya fito wa José Raúl Capablanca na Kuba da wani shiri a cikin buɗin Ruy López: a taku na 8 ya tura d5, ya ba da dakare don ya samu hari a kan sarki. Capablanca ya karɓa, ya zauna yana warware abin a kan allo. Marshall ya miƙa masa doki a g4, ya ƙi ci. Ya sake jefa shi f2, nan ma bai yi garaje ba. Sarkinsa ya tashi daga g1 ya bi ta f1, e2 da d3 har ya fake a c2, harin ya ƙare, Capablanca ya ci wasan. Shekara 86 bayan haka, a Brissago a 2004, a wasa na 8 na gasar kambun duniya, Kramnik ya shiga wannan harin na Marshall ɗin da farare, yana taka abin da shi da mataimakansa suka shirya da kwamfuta a gida, cikin sauri, har da sadaukar da sarauniya. Abokin karawarsa, Peter Leko, ya zauna yana tunani har agogonsa ya kusa cinye shi, ya gano takun sarauniya zuwa d3, wanda shirin na gida bai auna shi daidai ba. Kramnik ya sha kashi a wasan da kusan bai yi tunani a cikinsa ba. A duka biyun, wanda ke kallon allon da ke gabansa shi ya yi nasara a kan wanda ya zo da kaya daga gida.

To me ɗan kulob zai riƙa bugawa? Shawarar mai wannan rubutu ita ce ya fara da e4 in yana da farare, ya bi ta buɗin Italiya, doki f3, giwa c4, inda 'ya'ya ke haɗuwa da wuri kuma dabaru ke fitowa fili. In yana da baƙaƙe ya amsa e4 da e5, ya amsa d4 da d5. Ya zauna a kansu shekara guda cur, ko ana cinsa, don mai sauya buɗi duk ranar da ya sha kashi kamar mai haƙa rijiya ne da ke barin rami kafin ya kai ruwa. Taku 6 ko 8 da ya san dalilin kowannensu sun ishe shi. Sauran zai same su daga wasanninsa, in yana rubuta su. Littafin rubutu na makaranta ya isa: kwanan wata, taku bayan taku, da alama a inda ya ji ƙasa ta fara zame masa. In an tashi, ya roƙi wanda ya ci shi su sake jerawa tare, ko da ƙaninsa ne, ya tambaye shi abin da ya gani. Sai bayan ya rubuta nasa tunanin ya buɗe injin Stockfish ya gwada. Wanda ya fara da inji lamba kawai zai gani tana hawa tana sauka, ba zai san inda nasa lissafin ya karkace ba.

Capablanca, a littafin da ya buga a 1921, shekarar da ya karɓi kambu daga Emanuel Lasker, da ƙarshen wasa ya fara koyarwa kafin ya zo kan buɗi. Matasa sukan tsallake wannan babi don ba shi da armashi: sarki da dakare a kan sarki, waye zai tsaya gaban waye, waye takun zai faɗo wa dole ya ba da hanya. Ranar 12 ga Disamba, 2024, a Singafo, wasa na 14 kuma na ƙarshe tsakanin Ding Liren na Sin da Gukesh Dommaraju na Indiya yana tafiya zuwa kunnen doki. Kowa na da hasumiya da giwa, Gukesh na da dakaru biyu, Ding na da ɗaya. A taku na 55 Ding ya kai hasumiyarsa f2 yana neman musaya, giwarsa kuwa tana maƙale a kusurwar a8. Gukesh ya karɓi musayar, ya sa giwarsa a d5 ya tilasta ta biyu, allo ya rage sarakuna da dakaru. Ding ya taka sarkinsa e3, Gukesh ya tsayar da nasa a e5, suna fuskantar juna gida ɗaya a tsakani, takun kuma na Ding ne. Ya miƙa hannu, yaro mai shekara 18 ya zama zakaran duniya.